Kafin ka sayi gidan lof a tsohuwar unguwa, ginin za ka fara tuhuma

Malam, tambayarka ta iso gare ni, na kuma karanta ta da natsuwa. Ka ce dillali ya aiko maka da hotunan wani gida irin wanda ake kira lof, wato faffaɗan zauren masana'anta da aka mayar gidan zama, a hawa na biyar na wata tsohuwar masana'antar tufafi da aka gina a shekarun 1880 a unguwar Soho ta birnin Niyok a Amurka, faɗinsa murabba'in ƙafa 2,000, an sa masa dala miliyan 4. Kana son sanin ko kayan sun kai kuɗin, da kuma abin da ya wajaba ka bincika kafin ka sa hannu a takarda. Na daɗe ina duba irin waɗannan gine-gine, wani lokaci don mai saye, wani lokaci don ƙungiyar mazauna, saboda haka zan gaya maka abin da zan gaya wa ƙanena da shi ne ya zo mini da wannan magana. Wanda ya sayi lof a tsohuwar unguwa ya sayi kaso ne a cikin ginin da ya yi kimanin shekara 140 a tsaye, kuma tare da kason nan ake miƙa masa rabonsa na tsatsar ginin, da bashin da ke kansa, da dokokin da suka ɗaure shi. Ginin za ka fara tuhuma tun kafin ka ɗaga kai ka dubi kicin ɗin dutsen marmara da ke cikin hoton.

Yana da kyau ka san yadda aka yi ɗakin ɗinki ya zama gidan masu hali, domin kusan kowace matsala da za ka tarar daga can ta samo asali. Yawancin gine-ginen Soho an yi su ne tsakanin shekarun 1850 da na 1880, lokacin da 'yan kasuwar tufafi ke buƙatar kanti a ƙasa, ma'ajiya da wurin aiki a sama. An yi fuskokinsu da zubabben ƙarfe, wato ƙarfen da ake narkawa a maƙera a zuba shi cikin siffar da ake so, a kawo shi gunduwa-gunduwa a ɗaure da noti, saboda ya fi sassaƙa dutse sauri da araha, kuma siraran ginshiƙansa suna barin wuri ga manyan tagogi a zamanin da hasken rana ne fitilar ma'aikaci. Ginin Haughwout da ke lamba 488 a titin Broadway, wanda aka kammala a 1857, shi ne misalin da kowa ke nunawa, kuma a cikinsa ne Elisha Otis ya kafa liftarsa ta farko mai ɗaukar mutane. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka riƙa ƙaura zuwa inda manyan motoci za su iya shiga da fita, unguwar ta zama kufai, gobara ta yi mata yawa, har Robert Moses, babban jami'in tsara birnin a wancan lokaci, ya tsara a rushe wani babban yanki nata a shimfiɗa babbar hanyar mota. Jama'a suka tsaya tsayin daka, marubuciya Jane Jacobs na cikin waɗanda suka ja gaba, aka soke shirin a 1969.

A wannan tsakanin ne masu zane da masu sassaƙa suka shigo, ga haya mai sauƙi, ga fili, ga haske. Doka ba ta yarda a kwana a ginin masana'anta ba, saboda haka da yawansu a ɓoye suke zaune, wasu kuma suka riƙa liƙa allo mai haruffa A.I.R., ma'ana mai fasaha na zaune a ciki, a bakin ƙofa don 'yan kwana-kwana su san akwai rai a sama idan wuta ta tashi. A 1971 birnin ya gyara dokar tsara unguwanni ya halatta wa masu fasaha zama a inda suke aiki, a 1973 hukumar kare gine-ginen tarihi ta birnin ta ayyana Soho a matsayin unguwar tarihi, a 1982 kuma jihar Niyok ta yi dokar lof tare da kafa hukumar da za ta kula da mayar da irin waɗannan gine-gine gidajen zama na halal. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: masu kuɗi suka ga kyan wurin, farashi ya tashi, waɗanda suka raya unguwar da guminsu suka kasa zama a cikinta. Har yau abin yana sosa mini rai, kuma ina ganin ya dace mai saye ya san a kan wahalar wa yake zaune. Amma ko ka ajiye batun tausayi gefe, wannan tarihin yana nan a rubuce a cikin takardun gidan da kake nema, kuma yana iya cin kuɗinka.

Takarda ta farko da za ka sa lauyanka ya nemo ita ce shaidar izinin zama da sashen kula da gine-gine na birnin ke bayarwa, wadda ke fayyace abin da aka yarda a yi a kowane hawa. A Soho akwai gidaje masu yawa da har yanzu takardarsu ke cewa wurin zama da aiki ne na masu fasaha, ma'ana wanda doka ta yarda ya zauna a ciki shi ne wanda sashen al'adu na birnin ya ba takardar shaidar cewa shi mai fasaha ne. An yi shekaru ana kau da kai daga wannan sharaɗi, har ya zama al'ada a ba mai saye wata wasiƙa ya sa hannu cewa ya san da maganar kuma ya ɗauki alhakinta. A watan Disamba na 2021 majalisar birnin ta sake tsara dokar unguwar, ta buɗe hanyar mayar da irin wannan gida na zaman kowa da kowa, bisa sharaɗin biyan dala 100 a kan kowane murabba'in ƙafa zuwa wani asusu na tallafa wa fasaha. A gida mai faɗin naka wannan dala 200,000 ke nan. Wasu mazauna sun kai sharaɗin kotu, don haka lauya ne zai rubuta maka matsayin dokar a ranar da za ka saya, ya kuma fayyace a cikin yarjejeniya wanda zai biya idan biyan ya taso. Ka lura kuma ko takardar ta dindindin ce ko ta wucin gadi, domin ta wucin gadi takan ƙare bayan kwana 90 sai an sabunta, kuma ginin da ya shekara goma yana sabunta ta akwai aikin da ya gagare shi gamawa. Bankuna sukan ja baya daga irin wannan gini, kuma duk abin da ya sa banki ya ja baya yau zai rage maka masu saye ranar da kai ma ka tashi sayarwa.

Bayan takarda sai haske, wanda shi ne ainihin abin da ake biya wa tsada a lof. Filin gini na asali a Manhatan, tsibirin da Soho take, faɗinsa ƙafa 25 ne, tsawonsa ƙafa 100, saboda haka lof mai murabba'in ƙafa 2,000 yawanci dogon zaure ne, da tagogi a gaba ta wajen titi da kuma a baya, tsakiyarsa kuwa duhu ko da tsakar rana. Idan ka ga tagogi a bangon gefe, to, ka tsaya ka yi tambaya, domin sau da yawa bangon nan a kan iyakar filin maƙwabci yake, kuma tagar da aka fasa a kan iyaka aro ce. Ranar da maƙwabci ya tashi gini yana da ikon ya ɗaga bangonsa ya rufe ta, kai kuma dole ka toshe ta da bulo da kuɗinka.

Na taɓa duba wani lof don wata mata da mijinta, hawa na biyar kamar naka, mai tagogi huɗu a jere a bangon kudu, suna kallon wani fili da ake ajiye motoci. Da misalin ƙarfe uku na rana muka shiga, hasken ya kwanto a kan tsohon katakon daɓen har ana iya ganin tabon man keken ɗinki a inda injuna suka taɓa zama, matar ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta kasa cewa komai. Na leƙa ta ɗaya daga cikin tagogin na ga babu ko taku ɗaya tsakanin bangonmu da shingen filin, gilashin kuma irin mai waya a ciki ne, wanda ake sa wa taga a kan iyaka don tare wuta. Na rubuta musu cewa su ƙiyasta kuɗin gidan kamar tagogin nan huɗu babu su. Suka ga abin ya yi tsauri, suka saya a kan farashin da aka sa. Ba a cika shekara uku ba aka sayar da filin, aka tayar da bene, ɗakunan kwana biyu da suka yanka a wannan ɓangaren suka koma kamar rumbu. Da suka kira ni in duba yadda za a jawo musu haske, abin da ya rage shi ne a rushe bangayen ciki a sa na gilashi, kuma ko da hakan gidan bai dawo yadda suka gan shi ranar farko ba.

Wannan ya haɗu da batun ƙidayar ɗakuna. A dokar birnin, ɗaki ba ya amsa sunan ɗakin kwana sai yana da tagar da ke buɗewa ga titi ko ga tsakar gida mai faɗin da doka ta gindaya, kuma tagar kan iyaka ba ta shiga lissafi. Tallan da ya ce ɗaki uku yana iya zama ɗaki ɗaya a idon doka da na mai ƙiyasta wa banki daraja. Haka nan faɗin da aka rubuta, sau da yawa an haɗa da kaurin bango da ramin lifta da matakala. A farashin da aka ba ka kowane murabba'in ƙafa ya tashi dala 2,000, saboda haka idan awo ya gaza da 150 kawai, dala 300,000 ka biya a kan wurin da ba za ka taɓa ajiye kujera ba. Ka ɗauki mai awo naka, kuɗinsa kaɗan ne.

Yanzu sai jikin ginin, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Zubabben ƙarfe yana ɗaukar nauyin da aka ɗora masa daga sama fiye da yadda ake zato, amma ba ya jure lanƙwasa, tsagewa yake yi kamar kasko, kuma babban abokin gabarsa shi ne ruwa. Fuskar ginin ɗaruruwan gunduwa ce da aka haɗa, kowace mahaɗa an cike ta an shafe da fenti, kuma da zarar fentin ya tsage ruwan sama zai sami hanya, ya kwanta a cikin ginshiƙin da cikinsa rami ne, ya ci notin da ke riƙe da shi. Tsatsa tana kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci, sai ta tura gunduwoyin waje, idan hunturu ya zo ruwan ya daskare ya ƙara buɗa tsagar. In na je dubawa nakan durƙusa a gindin ginshiƙan bakin titi in ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi kamar ƙararrawa, wanda ya ruɓe kuwa amonsa a dakushe yake, wani lokaci ma in sa yatsa a ƙarƙashin sabon fenti in ɓamɓaro tsatsa kamar ɓawon itace. Sabon fenti a fuskar ginin da ake sayarwa ba ya kwantar mini da hankali sai na ga takardar aikin da aka yi a ƙarƙashinsa.

Don ka san girman abin da ake magana, ka dubi gini mai lamba 101 a titin Spring, mai hawa biyar, wanda aka gina a 1870. Mai sassaƙa Donald Judd ya saye shi dungurungum a 1968 a kan dala 68,000. Da gidauniyarsa ta tashi gyara shi bayan rasuwarsa, sai da aka kwance gunduwoyin ƙarfe sama da dubu aka kai maƙera, aka gyara wasu aka sake zuba wasu, aikin ya ci kimanin dala miliyan 23 kafin a buɗe wa jama'a a 2013. Gyara ne irin na gidan tarihi, ba kowane gini ke buƙatar kamarsa ba, amma ya isa ya nuna maka cewa aikin fuskar ƙarfe da miliyoyi ake lissafa shi, kuma a ginin da ke da gidaje biyar ko shida mutum biyar ko shida ne za su raba. A nan ma akwai wani giɓi da mutane ba su lura da shi. Dokar birnin ta 1998 ta tilasta a sa injiniya ya duba fuskar gini duk bayan shekara biyar ya kai rahoto, amma gine-ginen da suka haura hawa shida kawai ta shafa, alhali da yawa daga cikin na Soho hawa biyar ne ko shida. Mai yiwuwa ne babu injiniyan da ya taɓa hawa jikin ginin da kake nema cikin shekara ashirin. Idan babu rahoto, ka ɗauki injiniyanka, ka kuma nemi a bar shi ya hau rufi ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya duba kan manyan katakan da ke ɗauke da daɓe a inda suka nutse cikin bulo, domin nan ne danshi ke ruɓar da su ba tare da kowa ya gani ba.

Kasancewar unguwar ta tarihi tana da fuska biyu. Hukumar kare gine-ginen tarihi, wadda aka kafa a 1965 bayan rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania ya fusata mutanen birnin, ita ce ke hana a rushe ginin da ke kallonka a dasa dogon bene na gilashi, kuma wannan kariya na daga cikin dalilan da suka sa gidajen unguwar ke riƙe darajarsu. Ita ce kuma za ta hana ka sauya taga yadda ka ga dama, ko ka fasa bango don na'urar sanyaya ɗaki, ko ka ɗora ɗaki a kan rufi inda za a hango shi daga titi. Ko aikin cikin gida ne, muddin yana buƙatar izinin sashen gine-gine, sai ita ma ta sa hannu. Sabuwar taga dole ta yi kama da ta asali a siffa da rabon gilashi, kuma taga mai tsayin ƙafa tara ko goma ba a samunta a kanti, sai an ba da aikinta. Ka sa a bincika ko akwai laifin da hukumar ta rubuta wa ginin, domin laifin yana bin gini ne, wanda ya saya shi zai gyara ko da wani ne ya aikata.

Dogon silin da manyan tagogi da tsiraicin jan bulo, waɗanda su ne suka ja hankalinka, su ne kuma za su ci maka kuɗin wuta. Zafi sama yake tashi, sai ya taru a ƙafa goma sha uku daga daɓe ya bar ka cikin sanyi, bangon da aka kankare wa yaɓe ba shi da abin da zai tare iska, ga ƙura da yake zubarwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka ban ce ka fasa saboda wannan ba, amma ka nemi takardun kuɗin wuta da na gas na shekara biyu ka gani da idonka. Idan faɗin ginin gaba ɗaya ya wuce murabba'in ƙafa 25,000, dokar birnin ta 2019 kan hayaƙi mai ɗumama duniya ta shafe shi tun daga 2024, kuma tarar dala 268 ce a kan kowane tan da ya haura iyaka a shekara. Sai ƙara: daɓen katako na masana'anta an yi shi ne don ɗaukar nauyin injuna, babu wanda ya yi tunanin barcin na ƙasa, shi ya sa takun takalmin na sama ke saukowa kamar a kanka ake tafiya. Gine-gine da yawa suna da ƙa'idar a shimfiɗa darduma a kan kashi 80 cikin 100 na daɓe, amma maganin gaskiya shi ne abin da aka cusa tsakanin katakan lokacin gyara, kuma hanyar sani ita ce ka sa wani ya yi tafiya a sama kana tsaye a ƙasa.

Fentin dalma da asbestos, wani ma'adini mai tare wuta da ƙurarsa ke lalata huhu, suna nan a kusan duk ginin da ya kai waɗannan shekaru, ba su da haɗari sosai muddin ba a taɓa su ba, amma ranar da ka fara gyara sai an kawo ƙwararru, ka sa wannan a lissafi musamman idan akwai ƙananan yara. Batun gobara kuwa ba na wasa da shi. A ranar 25 ga Maris 1911 mutum 146, yawancinsu 'yan mata masu ɗinki, suka mutu a masana'antar Triangle da ke saman wani gini irin wannan, tafiyar 'yan mintuna daga Soho, saboda ƙofa a kulle da matakalar tsira da ta karye. Ka bi hanyoyin fita biyu da ƙafarka har ƙasa, ka duba ko bututun yayyafa ruwan kashe gobara na aiki. Ka tambayi tarihin ambaliya ma, domin kudancin unguwar wajen titin Canal asalinsa fadama ce, kuma guguwar Sandy ta watan Oktoban 2012 ta nuna wa mazauna unguwannin Tribeca da Dumbo na birnin abin da ke faruwa idan tukunyar ɗumama gini da allon wutar lantarki duk suna ƙarƙashin ƙasa.

Ka tambayi dillalin wane irin mallaka ake sayarwa. A tsarin kondo gidan naka ne da takardarsa, a tsarin ko'of kuwa hannun jari za ka saya a kamfanin da ya mallaki ginin, a ba ka izinin zama a sashenka. Tsofaffin lof na Soho da yawa ko'of ne, tun daga irin waɗanda mai fasaha George Maciunas ya fara haɗa wa 'yan'uwansa masu fasaha a titin Wooster a 1967. Kwamitin mazauna zai binciki dukiyarka ciki da bai, yana da ikon ya ƙi ka ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma yakan taƙaita ba da haya, wasu ma ba sa son wanda ba zai zauna a gidan dindindin ba. Idan tunaninka shi ne ka riƙa ba baƙi haya na 'yan kwanaki, ka cire shi, domin tun daga Satumban 2023 birnin ke aiwatar da dokar da ta hana hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida na nan tare da baƙin kuma ya yi rajista. Ko wane tsari ne, ka karanta rahoton kuɗi na shekara uku da bayanan zaman kwamiti, a nan ne za ka ga yoyon rufin da ake ta ɗaga gyaransa, da rigimar da ake yi da maƙwabci, da bashin bankin da ke kan ginin da ranar da zai cika. Ƙaramin kuɗin hidima na wata-wata tare da asusun ko-ta-kwana da babu komai a ciki alama ce ta cewa za a yanka wa kowa kaso mai nauyi nan gaba. Akwai kuma abin da ke faranta mini rai idan na gani: ginin da mazauna suka mallaki kantin da ke ƙasa suna karɓar hayarsa, domin wannan haya takan ɗauke musu kaso mai tsoka na hidima.

Haraji ma yana da nasa rabo. A Niyok mai saye ne ke biyan harajin manyan gidaje, wanda ke farawa da kashi 1 cikin 100 a kan dala miliyan 1 ya hau har 3.9 a kan miliyan 25, kuma a farashinka kashi 1.5 ne, wato dala 60,000. Idan kai ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazauninta ba, ranar da za ka sayar za a riƙe kashi 15 cikin 100 na kuɗin cinikin a miƙa wa hukumar haraji kafin a yi lissafin abin da ake bin ka. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne harajin gado, domin dala 60,000 kacal ake yafe wa baƙo a dukiyarsa da ke Amurka, sauran kuma harajin na iya kaiwa kashi 40 cikin 100, sai fa in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarsa da Amurka. Ka zauna da masanin haraji tun kafin a rubuta sunan da za a sayi gidan da shi, saboda sauya shi daga baya wani sabon kashe kuɗi ne. Idan kuma wata rana hankalinka ya koma Ingila, ga tsofaffin ma'ajiyun Shad Thames a Landan ko masaƙun auduga na Ancoats a Mancesta, ka sani cewa a can kariyar ginin tarihi tana shiga har cikin ɗaki, yin aiki ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma yawanci hayar dogon zango ake sayarwa, wadda darajarta ke faɗuwa sosai idan shekarun da suka rage sun gaza 80.

Game da ko kayan sun kai kuɗin, ga yadda nake auna shi. Kicin da banɗaki da fitilu, komai tsadarsu, cikin shekara goma sha biyar za su tsufa, wanda zai saya daga hannunka ma wataƙila ya ɓalle su ya zubar, saboda haka ba na ba su fiye da kuɗin da za a kashe a sake irinsu. Abin da nake yarda a biya wa tsada shi ne wanda kuɗi ba sa iya ƙirƙira: tsayin silin na asali, faɗin da ya wuce ƙafa 25, ginin kusurwa mai tagogi a kan tituna biyu waɗanda babu mai iya toshewa, ginshiƙai da katakan asali masu lafiya, da takardar izinin zama ta dindindin marar sharaɗi. Sababbin gine-ginen da ake yi da siffar lof sun fi sauƙin riƙo da ɗumi da shiru, kuma ga wanda ba ya son hidimar tsohon gini su ne suka fi dacewa, sai dai ana iya gina wasu irinsu gobe, na 1880 kuwa adadinsu ba ya ƙaruwa. Idan gidan da aka nuna maka ya cika sharuɗɗan nan kuma asusun ginin na da ƙarfi, dala 2,000 a kan murabba'in ƙafa ba abin mamaki ba ne a wannan unguwa. Idan kuwa takardarsa ta masu fasaha ce, tagogin gefe na kan iyaka ne, ba a kuma taɓa fuskar ginin ba, to, ka cire kuɗin kowanne ɗaya bayan ɗaya daga miliyan huɗun, abin da ya rage shi ne tayinka.

Ba a cinikin biri a sama, saboda haka kada ka tura ko sisi a kan hoto. Ka je da kanka sau uku: da safe a ranar aiki lokacin da manyan motoci ke sauke kaya a kan titin dutse, da yammacin Asabar lokacin da masu sayayya suka cika unguwar, da kuma ranar da ake ruwa, ka kashe duk fitilun da dillali ya kunna, ka shafa bulon da ke ƙarƙashin kowace taga da tafin hannunka ka ji ko da danshi. Idan takardar izinin zama da rahoton kuɗin ginin sun zo hannunka, ka aiko mini da su tare da hoton bangon gefen daga waje, zan duba maka.